Gayyar da Na Kira a Gonar Mahaifina

Shekarar da aka canza kuɗi, mutane suka riƙa wuni a ƙofar banki su koma gida hannu rabbana, a cikinta na ajiye aiki. Ba korata aka yi ba, kuma shekaruna ba su cika ba, da sauran 'yan shekaru a gabana. Ni da kaina na kai takarda na ce na gode. Aikina a Tiga yake, wajen dam. Ina cikin masu buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, mu duba ma'auni safe da yamma mu rubuta. Ban yi boko mai zurfi ba. Allo na yi, na ɗora da littattafai a zaure, kuma rubutun da hannuna ya saba da shi ajami ne. Bokon da na tsinta daga baya bai wuce na rubuta lamba da sa hannu ba. Da wannan Allah Ya rufa mini asiri shekara talatin da ɗoriya.

Abin da ya sa na yi gaggawar tafiya wani dattijo ne da muka yi aiki tare. Kullum zancensa in ya gama zai koma garinsu ya yi kiwon tumaki, ya ƙarasa littattafan da bai sauke ba. Ya jira har ranarsa ta ƙarshe. Da ya koma bai ga damina biyu ba, Allah Ya jiƙansa. A hanyarmu ta dawowa daga ta'aziyya na ce wa kaina ni ba zan jira sai gwiwata ta mutu ba. Ina da gonar gado a ƙauyenmu a ƙasar Ɗansoshiya, ina da ɗakuna biyu na ƙasa a tsohon gidanmu. 'Ya'yana mata sun yi aure, namijin yana birni yana fama da kansa. Fanshon da za a riƙa ba ni ba shi da yawa, na sani. Amma mutumin da ba ya biyan kuɗin wuta, ba ya awon hatsi, ba ya sayen itace, me zai yi da kuɗi mai yawa? Gishiri, sabulu, ɗan magani. Gona ta ciyar da ni, ni kuma in zauna da littattafaina. Haka na tsara abin a raina, ya fito tsaf.

Mai ɗakina 'yar Tiga ce, 'yar masunta. A bakin ruwa aka haife ta, ba ta san miyar da babu kifi ba. Da na gaya mata sai ta tambaye ni ko can akwai rafi. Na ce akwai, yana ƙafewa da rani. Ta ce, “To, Malam.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na sayar da ɗan gidan da na gina a Tiga. Firij da talabijin da kujerun falo, wasu muka sayar, wasu muka raba wa 'ya'ya. Abin da ya rage akori-kura ɗaya ya kwashe shi har da mu, da akuyarta da 'ya'yan akuyar biyu. Kuɗin gidan kuwa banki suka shiga, kuma lokacin ba a iya fitar da su sai kaɗan-kaɗan. Kafin hannuna ya kai gare su sosai an janye tallafin mai, komai ya tashi. Na rufe ɗakunan da kwano, na gyara rijiya, na ƙarasa kayan ɗakin autata da ban gama ba. Sauran na ware su domin iri da taki da huɗa.

Ba zan yi wa Allah butulci ba, makonnin farko na ji daɗi. In fito asuba ba ƙarar injin kowa, in dawo daga masallaci in ɗauki littafi in tafi gona. A bakin gonar akwai wata tsohuwar ɗorawa da mahaifina ke hutawa a gindinta. Nan nake shimfiɗa buzu in yi karatu har hantsi. Na riƙa cewa da na sani tun tuni na dawo.

A garin ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa. Shi kuma tun da na kama aiki a Tiga ya laƙaba mini Sarkin Ruwa. Bai taɓa barin ƙauye ba. Manomi ne, siriri, mai yawan dariya, bakinsa kullum ja da goro. Kuma akwai wani bashi tsakaninmu wanda duk garin an san da shi.

Lokacin da muke samari ya nemi aure a wani ƙauye wajen Ƙafin Maiyaki. A wancan zamani mai neman aure sai ya kai wa surukinsa gayya, wato ya tara abokansa su nome masa gona yini guda, a yi kiɗa, a ci tuwo. Ni na tara masa samarin. Ni na kama kunyar farko, makaɗi yana bina a baya yana kiran sunan kakana, ban ɗaga kai ba har na bar kowa. Da la'asar na faɗi a ƙarshen gona, sai ruwa aka yayyafa mini. Taubashina ya durƙusa a kaina ya rantse, ranar tawa gayyar shi ne a kunyar farko, tun fitowar rana har faɗuwarta. To sai Allah Ya kai ni Tiga, na auri 'yar masunta. Surukina ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, sai kwalekwale da komar kamun kifi. Tun daga nan abin ya zama abin tsokana. Duk sallar da na zo gida sai in tare shi a gaban mutane in ce bawa, ina bashina? Shi kuma ya ce shi a shirye yake, in nuna masa inda zai sa fartanya a cikin dam. Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mana.

Da ruwa ya sauka na sa aka yi mini huɗa da shanu, na shuka masara gonar gaba ɗaya. Gonar ta yi shekara biyu tana kwance tun da wanda na ba aronta ya rasu, saboda haka na san ciyawa za ta zo da ƙarfi. Ban damu ba. A lissafina ban ware komai domin 'yan ƙwadago ba, don na riga na yanke cewa gayya zan kira, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. A nan ne lissafin nawa ya karye, amma lokacin ban gani ba.

Taubashina ya same ni a gindin ɗorawa ana gama shuka. Ya ce in nemi maganin feshi a fesa tun ciyawar ba ta fito ba, haka kowa ke yi yanzu. Na ce ƙasar ubana ba za ta sha guba ba, gayya zan yi. Ya dube ni, ya ga da gaske nake.

“Sarkin Ruwa,” ya ce, “kai ka saba ka murɗa ƙarfe ruwa ya taho. Mutane ba haka suke ba. Gayya ta mutu a garin nan tun shekarar da babur ya shigo.”

Na ce shi dai ya wasa fartanyarsa, ranar biyan bashi ta zo. Ya yi dariya, amma ba irin wadda na saba ji ba. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Da masara ta kai tsawon tafin hannu, ciyawa ta yi kore shar a tsakaninta, na sayi goro na bi gida-gida bayan sallar asuba. Ban tsallake ƙofar kowa ba. Duk wanda na miƙa wa sai ya karɓa da hannu biyu, in faɗi ranar, ya ce Allah Ya kai mu. Samari har durƙusawa suke yi. Na dawo gida na gaya wa mai ɗakina ta shirya abincin mutane da yawa, kowa ya amsa. Na manta cewa a garinmu ba a ce wa dattijo a'a a fuskarsa, kuma Allah Ya kai mu addu'a ce, ba alkawari ba. Na san haka tun ina yaro. Son abin ne ya rufe mini ido.

Kuɗin abincin babu su a hannuna. Ita ta ce a kai akuyarta kasuwar Ƙafin Maiyaki. Akuyar nan tun Tiga take tare da ita, da ita take hira in na fita. Na ce zan maya mata da kaka. Ta ce ba komai. Aka sayo dawa da mai da daddawa da gero, ƙaninta kuma ya aiko mata da bandar kifi daga Tiga. Na aika wa wani tsohon makaɗin noma da ke unguwar gabas, wanda mahaifinsa ne ya bi ni da ganga a waccan gayyar.

Ana jibi gayya na je gidan taubashina in tuna masa. Matarsa ta yi mini magana daga bayan zana. Ta ce ya bi motar 'yan ƙwadago zuwa Doguwa, manyan gonakin masara na can suna neman hannu. Na ce da tsufansa? Ta ce rumbunsu ya ƙare tun kafin azumi. Na juyo raina a ɓace. A lokacin fushin rashin sallamar da bai yi mini ba ya fi tausayinsa yawa a zuciyata.

Ranar gayya na riga rana isa gona. Na share gindin ɗorawa, na jera tabarmi. Makaɗin ya zo yana jan ƙafa, gangarsa fatar ta bushe ta tsage a gefe. Muka gaisa, ya zauna. Liman ya biyo ya yi addu'a, ya ce yana da ɗaurin aure a wani ƙauye, ya wuce. Rana ta fito sosai. Hanyar Ƙafin Maiyaki tana wucewa ta kusa da gonar, kuma daga inda nake ina ganin samarin da suka karɓi goro a hannuna suna wucewa a kan babura da fasinja. Kowanne sai ya rage gudu ya ɗaga hannu ya ce sannu Baba, sannan ya ƙara mai.

Makaɗin ya tambaye ni, ya buga ne ko ya jira. Na ce ya jira. Da hantsi ya yi ya sake tambaya, na ce ya buga, wataƙila su ji. Ya buga. Muryar gangar ta dishe, amma kiɗan shi ne, wanda na sani. Ya kira sunan kakana. Ni kaɗai na sunkuya a kunya da fartanya, shi kaɗai yana bina a baya. Ban kai rabin kunyar ba na ce ya bari.

Wajen azahar mai ɗakina ta iso da matan maƙwabta biyu, ɗauke da manyan robobi na tuwo da tukunyar miya da kunu. Ta sauke, ta dubi tabarmin, ta dubi gonar. Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da wannan. Makaɗin ya ci ya ƙoshi, ya ce rabonsa da miya irin wannan tun wani biki, aka ƙulla masa wani ya tafi da shi. Sauran abincin kuwa matan suka sake ɗaukarsa a ka. Da yamma aka bi gida-gida ana rabawa, gidajen da na kai goro su ne aka kai wa tuwo. Kowa ya aiko da godiya.

Bayan kwana biyu wani maƙwabcina, mutum mai kunya, ya zauna kusa da ni bayan sallar la'asar ya yi mini bayani a hankali. Ya ce kada in riƙe samarin a zuciya. Yaron da ya ajiye babur yini guda, gidansu ba a ɗora tukunya, kuma yawancinsu baburan ba nasu ba ne, da yamma sai sun kai wa masu su abin da aka yanka musu. Dattawa kuwa, ya ce, ko lokacin da ake gayyar, ramawa ake yi. Ka je tawa, in zo taka. Wasu sun ce shekara talatin ba su taɓa ganin bayana a sunkuye a gonar kowa ba. Ya ce ba da mugunta suka faɗa ba. Na ce gaskiya suka faɗa. Ina zuwa suna da jana'iza, ina kawo kifi da sallah, amma ban taɓa kawo ƙarfina ba.

Daga nan na ce zan nome abata da kaina. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe alƙalami da ƙarfen ƙofar ruwa ya yi kanta a yini biyu, kantar ta fashe. Na naɗe da tsumma na ci gaba. Abin da na gane shi ne ciyawa ta fi ni sauri. Kafin in kai tsakiyar gona inda na fara ya sake rufewa. Ruwa kuma kullum, kamar da gayya. Harƙiya da ƙiri-ƙiri suka haɗe kai, masarar ta koma rawaya, siririya kamar tsinken tsintsiya. Ɗan takin da na saya na bar shi a ɗaki, don in na zuba ciyawa zan ciyar. Sannan bayana ya riƙe, zazzaɓi ya biyo baya, na kwanta. Ko sallah a zaune nake yi.

A kwancen nan na yi tunani iri-iri. Fanshon yana zuwa, amma abin da na lissafa zai kai mu wata yanzu ba ya wuce kwana goma sha, don hatsin da na ce ba zan saya ba shi muke awo. Miyarmu ta koma kuka da gishiri. Mai ɗakina ta rame, ta daina zancen Tiga gaba ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta yi ta mita. 'Ya'yan akuyar ma ɗaya bayan ɗaya suka bi uwarsu kasuwa. Na kira ɗana a waya da niyyar in gaya masa. Kafin in fara ya shiga ba ni labarin kuɗin haya da na mota, har ya ce yana tunanin turo matarsa da yara wajenmu su ɗan zauna, tun da mu muna da gona. Na ce masa Allah Ya kawo sauƙi, na kashe. Littattafan da na dawo dominsu suna cikin buhu, ɗanshi ya fara cinsu. In na buɗe sai idona ya bi layi, zuciyata tana gona.

Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi daga Tudun Wada da ke karɓar gonaki jingina a wajenmu. Ya ba ka kuɗi, ya riƙe gonar yana nomawa, ranar da ka mayar masa ya sakar maka. Ba azzalumi ba ne, bai neme ni ba, ni na aika masa. Ya zo ya zaga gonar, ya ce masarar nan ta riga ta tafi. In zan ba shi, in ba shi yanzu, ya fesa ya kashe komai ya shuka wake tun lokacin wake bai wuce ba. Ni da shi duk mun san mai fansho irin nawa ba ya fansar gona. Muka sa ranar da zai zo da mai unguwa a yi shaida, washegarin cika-ciki, da yamma. Na sayar da gidan da na gina don in dawo gonar ubana, ga shi damina ɗaya ba ta ƙare ba zan miƙa ta.

Da safiyar ranar ina zaune a ƙofar gida, na fara samun ƙarfi, sai na ji murya daga bayan katanga.

“Sarkin Ruwa, fito. An ce ka yi tuwon da ya rasa maciya.”

Taubashina ne. Da ƙyar na gane shi. Ya yi baƙi, wuyansa ya zama kamar na zakara, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma inda fartanya ta sare shi. Tari yake yi mai zurfi. Fartanyarsa tana rataye a kafaɗa.

Na ce, “Bawa, sai yau?”

Ya ce labarin gayyata har Doguwa ya je, 'yan ƙwadago sun yi kwana uku suna dariya, shi kuma ya ɓoye cewa ya san ni. Na so in yi fushi, ban samu ƙarfin yi ba. Na gaya masa ya koma gida ya kwanta, gonar yau da yamma za ta bar hannuna, ba amfanin ya zubar da guminsa a abin da za a fesa wa magani gobe. Ya ce shi ba gona ya yi wa rantsuwa ba, ni ya yi wa. Na ce na yafe.

“Ba na son yafiyarka,” ya ce. “Na san halinka. Ranar da aka ajiye ni a gaban liman aka ce ko akwai mai binsa bashi, kai ne za ka miƙe ka ce yini ɗaya. Ka kunyata ni ina kwance ba bakin ramawa.”

Yana dariya ya faɗa, tari ya katse shi. Na dubi ƙafar, na dubi idonsa, na ga ba wasa ne kaɗai ya kawo shi ba. Mutum ne da ya fara tattara kayansa. Na shiga na ɗauko tawa fartanyar.

Ya ce mu fara daga gindin ɗorawa, nan ƙasar ta fi ƙarfi saboda ganye da kashin shanun Fulani da ke hutawa a wurin da rani, kuma nan masarar ke da sauran rai. Ya yi bismillah ya kama kunyar farko. Na kama ta biyu. Ba kiɗa, ba tabarmi. Ciyawar ta kai gwiwa, sai an sare an girgiza saiwar an kife ta, in ba haka ba ruwan dare ɗaya zai tashe ta. Yana jan ƙafar nan amma bai bari na wuce shi ba. In na matso sai ya ce ubangida ba ya gaban bawa a gona, in koma baya. Ya ce noman nawa irin na ma'aikata ne, ina shafa ƙasa kamar ina tsoron kada ta kai ƙarata. Na ce da ya yi irin wannan himmar tun yana saurayi da ba sai na faɗi a gonar surukinsa ba. Ya ce ai matar ma ta ce da ta san wanda ya yi noman da ni ta aura.

Muka yi azahar a gindin ɗorawa. Mai ɗakina ta kawo kunu ba sukari da ɗan dafaffen rogo. Ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri ba kifi. Ya ce ai rabonsa na kifi makaɗi ya cinye, a lahira za su yi shari'a. Ta yi dariya, kuma rabon da in ji dariyarta na manta. Ba ta koma gida ba. Ta ɗaura zani ta shiga bayanmu tana tsince ciyawar da ta maƙale a gindin masara da hannu. Daga baya ta je ta ɗauko takin nan a ka, tana bi tana sa wa kowane gindi ɗan kaɗan.

Bayan la'asar hira ta ɗauke. Sai numfashi da ƙarar ƙarfe a ƙasa. Sau biyu ya tsaya ya dafa gwiwa yana tari, na ce ya isa, ya nuna mini rana da haɓa. Akwai wani suri a cikin gonar, ba nisa sosai da ɗorawar. A gayyar zamanin mahaifina kafin a sha kunun safe an wuce shi. Mu a nan rana ta yi ja muna isa gare shi.

Muna nan motar Alhaji ta tsaya a bakin hanya, ya fito da mai unguwa. Suka yi mana sannu da aiki. Na tsaya na dubi abin da muka yi. Ɗan yanki ne, in ka kwatanta da gonar bai kai ɗaki ɗaya a cikin gida ba. Amma ƙasar ta fito baƙa, masarar ta tsaya ita kaɗai, iska tana kaɗa ta. Ban shirya maganar ba, fitowa ta yi. Na ce Alhaji ya karɓi gonar, amma ban da daga ɗorawa zuwa suri. Ya ce hakan zai rage abin da zai ba ni, kuma nan ne wurin da ya fi kyau. Na ce na sani. Taubashina yana zaune a ƙasa yana kwance tsumman ƙafarsa, ya ce wa Alhaji ai noman bawa ba ya shiga jingina, haka aka gada. Alhaji ya yi murmushi ya ce ya yarda. Mai unguwa ya taka iyakar da ƙafarsa, aka kafa duwatsu, aka shafa fatiha.

Wannan yanki shi ne gonata har yau. Masarar da ya ba ni a shekarar ba ta kai mu azumi ba. Kuɗin jinginar mun cinye su a hankali. Sauran gonar ina ganinta kullum, wake bana, waken suya baɗi, 'yan feshi suna shiga da tankuna a baya suna ce mini sannu Baba. Na nemi ƙaramar rayuwa, Allah Ya ba ni wadda ta fi wadda na nema ƙanƙanta, kuma ina roƙonSa kada Ya kama ni da abin da zuciyata ke faɗa wani lokaci.

A yammacin nan, bayan motar ta tafi, mai ɗakina ta kwashi kwanuka ta yi gaba. Muka rage mu biyu. Rana ta taɓa kan itatuwa. Ya ce in duba da kyau, kada gobe in ce da saura. Muka zauna muna kallo har ta nutse.

“Na biya?” ya ce.

Shekara talatin da wani abu ina binsa yinin nan, kuma shi ne abu na ƙarshe da nake bin wani a duniya. In na karɓa, ban san da me zan tare shi ranar sallah ba. Na so in ce ya makara da safe, rana ta riga ta fito kafin ya zo, saboda haka da sauran kaɗan. Amma ya zuba mini ido yana jira, kuma ba dariya a fuskarsa.

Na ce, “Ka biya. Na karɓa, duniya da lahira.”

Ya ce alhamdu lillahi. Ya miƙo mini hannu in tashe shi, na ja shi, ya dafa kafaɗata. Na ɗauki fartanyarsa na haɗa da tawa, muka nufi gari ana kiran magariba.